Vodka da Baitulmalin Rasha: Yadda Gwamnati Ta Zama Mai Sayar da Barasa

A tsohon kundin tarihin Rasha, wanda malaman coci suka tattara a birnin Kiev wajen farkon ƙarni na 12, akwai wani labari da ya shahara ƙwarai. An ce a shekarar 986 jakadun Musulmi daga ƙasar Bulgar ta bakin kogin Volga suka isa fadar Sarki Vladimir suna kiransa zuwa Musulunci. Ya saurare su, wasu bayanan ma sun kwanta masa a rai, har aka zo kan haramcin giya. Nan ya tirje. Ya ce sha shi ne farin cikin mutanen Rus, wato jama'ar ƙasarsa, ba za su iya zama babu shi ba. A 988 ya karɓi Kiristanci daga Rumawan Kustantiniyya, jama'arsa suka bi shi.

Ƙarni da yawa ana jawo wannan labari a matsayin hujjar cewa shaye-shaye a jinin Rashawa yake. Wasu kan haɗa da shaidar Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, wanda ya haɗu da fataken Rus a bakin Volga a 922, ya rubuta cewa dare da rana cikin sha suke, har wani kan mutu da ƙoƙo a hannu. To amma akwai abin da ake tsallakewa. Vladimir bai taɓa ɗanɗana vodka, barasar nan mai ƙarfi da aka san Rasha da ita a yau, ba, don sai bayan kusan shekara 400 da mutuwarsa aka san ta a ƙasar. Abin shan mutanen wancan zamani tsimin zuma ne, da giyar hatsi, da wani ruwan tsami mai suna kvas da ake yi da burodi, wanda ƙarfinsa kaɗan ne har yara ma na sha. Tsimin zuma na masu hali ne. Talaka kuwa sai an yi girbi, ko biki, ko wata ranar coci, zai dafa giyarsa a sha a tashi, a koma gona. Tsakanin wannan da kwalbar da kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikinta tsantsar barasa ce, wadda ake samu kowace rana a kowane lungu, akwai tazara mai nisa. Tarihin vodka shi ne tarihin yadda aka cike wannan tazara, da kuma wanda ya ci riba wajen cike ta.

Hujjar cewa sanyi ne ke sa Rashawa sha ma, wadda aka fi saurin kawowa, ba ta da ƙwari. Barasa tana buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikin jikinsa zurarewa yake yi, shi ya sa ake tsintar gawar mashaya a cikin ƙanƙara duk hunturu. Ban da haka, Musulmin Tatar da ke Kazan da kewaye cikin sanyin nan suke, haka ma Kiristocin tsohuwar ɗariƙa da suka ɓalle daga babban cocin Rasha a ƙarni na 17, kuma dukkansu an san su da ƙauracewa mashaya. Sanyi ɗaya ne ya doki kowa.

Dabarar da ake yin vodka da ita tsohuwa ce. A tsima hatsi ko dankalin Turawa har ya yi tsami, a ɗora a wuta cikin rufaffiyar tukunya, tururin ya bi ta bututu ya huce ya riƙa ɗiga. Abin da ya ɗigo ya ninka tsimin farko ƙarfi sau da yawa, in an maimaita kuma ya ƙara ƙarfi. Masanan ƙasashen Musulmi irin su al-Kindi sun kyautata kayan wannan aiki don haɗa turare da ruwan wardi. Likitocin Italiya suka ɗauka suna dafa ruwan inabi da su a matsayin magani, kuma ana danganta shigar wannan barasa Mosko da fataken Genoa a ƙarshen ƙarni na 14. A Polan, an samu sunan vodka a takardun kotun Sandomierz tun 1405, shi ya sa har gobe Polan da Rasha ke jayayya kan wanda ya fara. Wannan jayayya ba ita ce ta dame ni ba. Abin lura shi ne a duk ƙasashen biyu da magani ta fara, sai da masu mulki suka gane abin da za ta iya yi wa aljihunsu ta bar ɗakin likita.

Sai mutum ya hango Rasha ta wancan lokaci kafin ya fahimci dalili. Ƙasa ce mai faɗin gaske, hanyoyi taɓo ne rabin shekara, kuɗin tsaba ba su da yawa a hannun jama'a, ma'aikatan da za su bi ƙauye-ƙauye suna karɓar haraji ba su isa ba. Hatsi yana da nauyi, yana ruɓewa, kafin a kai shi kasuwa mai nisa dawakan da ke jan amalanken sun cinye ribarsa. In aka mayar da shi barasa kuwa, amalanke da yawa sun koma 'yan ganguna, ba ya lalacewa, kuma mai saye da ƙafarsa yake zuwa. Harajin kai sai an yi da bulala. Wannan harajin talaka ne da kansa ke kawo shi, har ya yi layi.

Sarki Ivan na Huɗu, wanda ya ci Kazan da yaƙi a 1552, shi ake dangantawa da kafa gidajen sha na gwamnati da ake kira kabak. Ba wurin cin abinci ba ne, ba masauƙin baƙi ba ne, sha kawai ake yi. Wanda aka damƙa wa kula da gidan yakan sumbaci gicciye ya yi rantsuwa cewa zai kai wa sarki kuɗinsa cif, kuma ana sa ran na bana ya zarce na bara. In an samu giɓi, a jikinsa ko a jikin mutanen garin za a fanshe. Wane irin mutum wannan tsari zai haifar? Mutumin da zai ba da bashi, ya karɓi jinginar gatari da riga, ya hana mashayi tashi muddin da saura a jikinsa. Jakadan Ingila Giles Fletcher, wanda ya zauna a Mosko a 1588 zuwa 1589, ya rubuta cewa babu mai ikon kiran mutum ya fito daga kabak komai dalili, don yin haka tauye kuɗin shigar sarki ne. A tuna cewa mai kiran nan yawanci matar mutumin ce, ko ɗansa. Bajamushe Adam Olearius, da ya zo bayansa da kusan shekara 50, ya ba da labarin mutumin da ya gani a Novgorod yana fitowa daga mashaya tsirara, bayan ya sha rigarsa ta sama, ya koma ya sha ta ciki, ya sake komawa ya sha wandonsa.

Ba wai babu wanda abin ya dama ba. A 1652, da turawar shugaban coci Nikon, Sarki Aleksei ya taƙaita cinikin: a rage yawan mashayu, a daina ba da bashi, a rufe a lokutan azumin coci, a iyakance abin da za a sayar wa mutum ɗaya. Shekara 2 bayan haka yaƙi da Polan ya ɓarke, baitulmali ya buƙaci kuɗi, kafin a cika shekara 12 an kwance dokar. A riƙe wannan salo, don za a sake ganinsa har sau uku: a ɗaure, aljihun gwamnati ya rame, a kwance.

Sarki Peter, wanda ya gina birnin Petersburg, ya mayar da sha wani ɓangare na mulki. A fadarsa wanda ya makara zuwa taro ana tilasta masa shanye wani ƙaton kofi da ke cin fiye da lita 1, ko jakada ne ko basarake. Sojoji da matuƙan jiragen ruwansa na da kason vodka a cikin abincinsu. Shi ne kuma ya sa aka ƙera lambar ƙarfe mai nauyin kusan kilo 7 da ake rataya wa wanda aka kama da maye a titi. Hannu ɗaya na zubawa, ɗaya na hukuntawa. A zamanin Sarauniya Catherine, a 1765, aka tabbatar wa masu sarauta cewa su kaɗai ke da ikon dafa barasa, sayarwa kuma aka riƙa yin gwanjonta ga 'yan kwangila: ɗan kasuwa ya biya gwamnati kuɗi mai yawa, a ba shi lardi sukutum ya sayar ya fanshe. Talakan da ke ɗaure a gonar ubangidansa shi ya noma hatsin, shi ya yi aikin matatar, shi ne kuma ya dawo ya sayi abin da aka dafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A yawancin ƙarni na 19, kusan sulusin kuɗin shigar daular Rasha daga vodka yake fitowa, abin da ya kai a ce da shi ake riƙe rundunar sojan da Turai ke tsoro.

Cikin waɗannan ƙarnuka vodka ta shiga kowace kafa ta rayuwar ƙauye. Suna da nasu aikin gayya: mai gona ko mai gini ya kira maƙwabta, a yi aiki yini guda babu lada, da yamma ya ciyar da su. Sannu a hankali ciyarwar ta koma shayarwa, har ya zama wanda bai tanadi bokitin vodka ba babu mai amsa gayyarsa, bokitin awonsu kuwa lita 12 ne da ɗoriya. Neman aure da ita, ɗaurin aure da ita, suna da ita, jana'iza da ita. In an kai ƙara gaban dattawan ƙauye, sau da yawa tarar da ake yankewa vodka ce, a shanye a wurin. In an tsadance doki sai an sha kafin ciniki ya faɗa. Nan ne al'adar ta samu saiwa, kuma al'ada ce ta gaske, da zumuncinta da ladubbanta. Amma wanda ya shuka ta yana nan a rubuce cikin takardun ma'aikatar kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan tarihi shi ne abin da ya faru a 1858 da 1859. 'Yan kwangila sun tsawwala farashi, ga algus, ana tsarma barasar da ruwa a sayar a kuɗin mai kyau. Sai talakawa suka fara ƙaurace wa mashayu. Abin ya faro daga manoman Katolika na Lituweniya, inda Bishop Motiejus Valančius ya jagoranci ƙungiyoyin barin sha, sannan ya bazu zuwa lardunan tsakiyar Rasha da na bakin Volga. Ƙauye guda zai taru ya yi alkawari cewa babu mai sake saye, a yanke tara ko bulala ga duk wanda ya karya, a wasu wuraren a sa masu gadi a ƙofar mashaya. Mutanen da ake cewa sha a jininsu yake, su ne da kansu, ba tare da umarnin kowa ba, suka ajiye kofi.

Me gwamnati ta yi? 'Yan kwangila suka kai kuka cewa ba za su iya biyan abin da suka yi alkawari ba. Ma'aikatar kuɗi ta nemi a soke waɗannan yarjejeniyoyi na ƙauyuka, a hana yin sababbi. A wasu wuraren 'yan kwangila suka riƙa raba vodka kyauta don su karya alkawarin. Da abin ya tsananta, a watan Mayun 1859, jama'a suka fara farfasa mashayu, daga lardin Penza tarzomar ta bazu zuwa larduna da dama. Aka turo soja, aka yi bulala, aka kai ɗaruruwa kotun soja, aka tura wasu Siberiya. Duk mai son sanin ko Rashawa ne suka zaɓi vodka ko zaɓa musu aka yi, ya tsaya ya dubi wannan shekara da kyau. An soke tsarin kwangilar a 1863, aka koma karɓar haraji kai tsaye daga matatu, farashi ya sauka, mashayu suka ƙaru.

A 1894 ministan kuɗi Sergei Witte ya mayar da cinikin hannun gwamnati kacokan. Aka fara da larduna 4 a 1895, sannan aka faɗaɗa. Manufar da aka bayyana ita ce tsabtace barasar da rage maye: shagon gwamnati kwalba a rufe yake sayarwa, ba a sha a ciki. Sai mutane suka koma sha a bakin titi, a tsaye, da gaggawa, babu ko loma. (Labarin da ake yaɗawa cewa masanin sinadarai Dmitri Mendeleev ne ya gano kashi 40 a matsayin ƙarfin da ya fi dacewa da vodka ba shi da tushe. Bincikensa na 1865 kan haɗuwar barasa da ruwa ne a kimiyyance, ma'aunin 40 kuwa jami'an haraji ne suka tsayar don sauƙin lissafi.) Zuwa 1913 fiye da rubu'in kuɗin shigar ƙasa daga shagunan nan yake fitowa, har 'yan majalisa na kiran kasafin kuɗin ƙasar "kasafin maye".

A yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, tara sojoji ya gamu da cikas saboda waɗanda aka kira sun riƙa buguwa suna tarzoma a tashoshin jirgin ƙasa. Don gudun maimaici, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Sarki Nicholas na Biyu ya hana sayar da vodka. Ƙasa ta shiga yaƙi mafi tsada da ta taɓa gani zuwa wannan zamani a daidai lokacin da ta yanke rubu'in kuɗin shigarta. Aka koma buga takardun kuɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, manoma suka ga gara su dafa hatsinsu su yi samogon, wato barasar gida, da su sayar da shi a kuɗin da ba su da daraja. Burodi ya yi ƙaranci a birane. Ba hana vodka kaɗai ya kayar da sarautar a 1917 ba, amma yana cikin abin da ya kwance mata ƙafa.

'Yan gurguzu sun hau mulki suna la'antar cinikin barasa a matsayin makamin sarakuna na danne talaka, jagoransu Lenin ma ya yi alwashin ba za su koma gare shi ba. Ya mutu a Janairun 1924. Kafin shekarar ta ƙare an fito da vodka mai kashi 30, jama'a suka laƙaba mata sunan firaminista Rykov, a 1925 kuma aka dawo da mai kashi 40 a hannun gwamnati. Stalin, wanda ya gaji Lenin, bai ɓoye dalili ba: ya ce ko dai vodka, ko miƙa wuya ga 'yan jari-hujjar waje don neman bashi. A wasiƙar da ya rubuta wa na hannun damansa Molotov a Satumbar 1930 ya ce a ajiye kunyar ƙarya, a fito fili a ƙara yawan vodka iya iyawa, don ana bukatar kuɗin ƙarfafa soja. Masana'antun ƙarfe da madatsun ruwa da Tarayyar Sobiyat ke alfahari da su, akwai kuɗin kwalba a cikin harsashinsu.

A watan Agustan 1941, watanni 2 bayan Jamus ta kawo hari, aka yanke wa kowane sojan bakin daga giram 100 na vodka a kullum. Samari da yawa daga ƙauyuka, har da na yankunan Musulmi, a ramin yaƙi suka fara sha. Waɗanda suka tsira sun dawo gida da lambobin yabo, da raunuka, da wannan sabo. Daga soja ne kuma wasu al'adu masu taɓa zuciya suka ƙara ƙarfi. In an ba mutum lamba ko ƙarin girma, akan jefa lambar cikin kofin vodka ya shanye kafin ya maƙala ta a ƙirji. A zaman sojoji, kofi na uku na waɗanda suka kwanta dama ne: a miƙe tsaye, a yi shiru, ba a gwara kofuna. A zaman makoki kuma akan cika kofi ɗaya, a rufe bakinsa da yankan baƙin burodi, a ajiye kusa da hoton mamaci, babu mai taɓawa.

Ya kamata a kwatanta teburin kansa, don wanda bai san shi ba zai ɗauka hargitsi ne kawai. Kwalba tana zuwa da sanyi. An jera kokwamba da aka jiƙa a ruwan gishiri, da kifi mai gishiri, da baƙin burodi, da dafaffen dankali, da albasa. Mutum ɗaya ke zubawa, kuma ba a sauya hannu. Ba a kurɓa, ba a sha a ɗaiɗaiku. Sai wani ya miƙe ya yi jawabi, don haɗuwar, don iyaye, don mata, don lafiyar mai gida, sannan kowa ya fitar da numfashi ya kwankwaɗe nasa a tashi ɗaya, ya sunsuni burodi, ya ciji kokwamba. Kwalbar da ta ƙare ba a barinta a kan tebur, ƙasa ake sauke ta. A irin wannan zama ne mutumin da ya yini yana taka-tsantsan da harshensa a ofis, a ƙasar da magana ke iya kai mutum kurkuku, yake buɗe cikinsa ga abokinsa. Wanda ya ƙi sha ana yi masa kallon mai ɓoye wani abu. Tambayar da ta zama kamar tambarin mashayin Rasha ita ce: "Kana girmama ni?" Da ita ake ɗaure wanda ya ce ya ƙoshi, don ƙin kofin ya zama ƙin mutumin. Wannan ne ya sa barin sha ke da wuya a can: mutum ba kwalba kaɗai zai bari ba, har da majalisarsa.

A 1958 gwamnatin Khrushchev ta hana sayar da vodka kofi-kofi a yawancin wuraren cin abinci na ma'aikata, da nufin rage sha. Wanda a da zai sha ƙaramin kofi da miyarsa ya tafi, yanzu sai dai kwalba sukutum. Daga nan al'adar haɗin mutum uku ta bazu. A shekarun 1960 kwalbar rabin lita rubul 2 da kopek 87 ce a kuɗinsu (kopek 100 ne rubul 1). Maza uku, ko ba su san juna ba, su haɗu a ƙofar kanti, kowa ya kawo rubul 1, canjin kopek 13 a sayi ɗan cuku, a lafe a bayan gini ko ƙofar bene a raba daidai. Akwai kuma abin da suke kira zapoi, wato mutum ya shiga sha kwana da kwanaki ba ya farfaɗowa, ba aiki, ba gida. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1980, lokacin da tsawon rai ke ƙaruwa a kusan duk duniya, matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya sauka daga kusan shekara 65 zuwa ƙasa da 62. Nauyin ya faɗa kan mata. Su ke zuwa ƙofar masana'anta ranar albashi don su karɓe kuɗin kafin a kai kanti, su ke ɗauko miji daga ɗakin da 'yan sanda ke kwantar da bugaggu, su ke renon yara su kaɗai.

A waje kuwa vodka ado ta zama. Iyalin Pyotr Smirnov, wanda ya kafa matatarsa a Mosko a shekarun 1860, sun rasa komai bayan juyin juya hali, sunan ya bi ta Faransa ya isa Amurka ya zama Smirnoff, aka tallata ta a matsayin barasar da ba ta da launi ba ta da wari, mai shiga kowane haɗi. A 1972 kamfanin Pepsi ya ƙulla musaya da gwamnatin Sobiyat: a ba shi damar sayar da lemonsa a can, a biya shi da vodkar Stolichnaya ya kai Amurka.

Sai Mikhail Gorbachev, babban sakataren jam'iyyar gurguzu, wato shugaban Tarayyar Sobiyat. Wata 2 da hawansa, a Mayun 1985, ya ƙaddamar da yaƙi da shaye-shaye. Aka rage abin da matatu ke fitarwa sosai, aka rufe shaguna da yawa, waɗanda suka rage ba sa sayarwa sai daga ƙarfe 2 na rana zuwa 7 na yamma. Aka ɗaga shekarun saye zuwa 21, aka ƙara farashi, aka hana barasa a liyafar hukuma, ɗan jam'iyyar da aka kama da maye na iya rasa muƙaminsa. An yi wuce gona da iri: an tumɓuke gonakin inabi a Kirimiya da Moldova da wasu wurare, an matsa wa mutane su yi biki da lemo. Layuka suka yi tsawo, sukari ya ɓace daga kantuna saboda masu dafa samogon har sai da aka koma raba shi da kati, waɗanda abin ya ci ƙarfinsu suka koma shan turaren fesawa da ruwan goge gilashi. Jama'a suka laƙaba wa Gorbachev suna "sakataren ruwan kwalba".

Yawanci a nan ake tsayawa a ce shirin ya faɗi. Ni ban yarda a tsaya nan ba, don alƙaluman mace-mace sun faɗi wani abu dabam. Tsakanin 1984 da 1987 matsakaicin tsawon ran namiji a Rasha ya tashi daga ƙasa da shekara 62 zuwa kusan 65. Kisan kai ya ragu, haɗurra sun ragu, haihuwa ta ƙaru. Masana ƙididdigar jama'a sun ƙiyasta rayukan da suka tsira a waɗannan shekaru da kusan miliyan 1 ko fiye. Waɗannan iyaye ne da suka ga girman 'ya'yansu. Inda shirin ya faɗi shi ne baitulmali. Kuɗin barasa sun ragu a daidai lokacin da farashin man fetur ya karye a 1986, ga hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl, ga yaƙin Afganistan. Giɓi ya buɗe, aka koma buga kuɗi, a 1988 aka sassauta dokar a hankali ba tare da shela ba.

Abin da ya biyo baya ya fi komai muni. A 1992, bayan rugujewar Tarayyar Sobiyat, shugaban Rasha Boris Yeltsin ya soke kankanewar da gwamnati ta yi wa cinikin. Kowa ya zama mai shigo da barasa ko mai dafawa, 'yan tireda na sayarwa dare da rana, har da tsantsar barasa mai kashi 96 da ake shigowa da ita a manyan kwalabe a tsarma da ruwan famfo. Farashin abinci na hawa, na vodka in an gwada da shi yana sauka. Ga masana'antu na rufewa, ga ajiyar mutane ta narke. Zuwa 1994 matsakaicin tsawon ran namiji ya faɗo ƙasa da shekara 58, tazararsa da na mace ta haura shekara 13, kuma ƙasar ba ta cikin wani babban yaƙi da ya kai ya yi wannan ɓarna. Wani babban bincike da aka yi a biranen Siberiya 3, Barnaul da Biysk da Tomsk, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2009, ya gano cewa a shekarun 1990 barasa na da hannu a fiye da rabin mace-macen masu shekara 15 zuwa 54 a wuraren. Wani binciken na 2014 ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 na mazan Rasha na mutuwa kafin su kai 55, alhali a Birtaniya kashi 7 ne.

Yawan abin da ake sha ba shi kaɗai ne matsalar ba, har da yanayin shan. Barasa mai ƙarfi, da yawa, a zama ɗaya, tana iya rikita bugun zuciya ta kashe mutum nan take, tun kafin a kai ga ciwon hanta da ke ɗaukar shekaru. Masu bincike a Mosko sun lura cewa mutuwar fuju'a ta zuciya na ƙaruwa ranakun Asabar da Lahadi da Litinin. Sai a ƙara da nutsewa a kogi, da daskarewa, da gobara, da sara da suka tsakanin abokan sha, da masu kashe kansu.

Daga tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta sake ɗaurewa, wannan karon da sannu. Aka kafa tsarin kwamfuta na bin sawun kowace kwalba daga matata, a 2010 aka tsayar da mafi ƙarancin farashin vodka a rubul 89 kan rabin lita aka riƙa ɗagawa, aka hana sayarwa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 8 na safe, aka taƙaita talla. Giyar kwalba ma, wadda a da ake lissafa ta cikin kayan abinci, sai a dokar 2011 aka sa ta a sahun barasa. An bar wa yankuna damar tsanantawa: a Chechniya awa 2 kacal ake sayarwa da safe, kuma yankunan Musulmi na Kaukasus su ne kullum a ƙasan jadawalin sha. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce shan barasa a Rasha ya ragu da kashi 43 cikin 100 tsakanin 2003 da 2016, tsawon ran namiji kuma ya kai shekara 68 a 2018. Abin da ya bambanta wannan karo da na 1652 da 1914 da 1985, a ganina, shi ne man fetur da iskar gas. Baitulmalin Rasha ya samu wata saniyar tatsa, harajin barasa ya koma ɗan ƙaramin kaso, gwamnati ta iya rage ciniki ba tare da ta ji a jikinta ba.

Da farashin mai ya karye a ƙarshen 2014, darajar rubul ta zube, sai aka ga inda ɗaurin ke da rauni. Shugaba Vladimir Putin ya ce tsadar vodka ba ta haifar da komai sai ƙaruwar shan ta bayan fage, a Fabrairun 2015 kuma aka sauke mafi ƙarancin farashin daga rubul 220 zuwa 185, a lokacin da kusan komai ke ƙara tsada. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, don mafi talaucin mashaya sun daɗe da barin kantin barasa sun koma kan abin da ya fi araha. A Disambar 2016, a birnin Irkutsk na Siberiya, mutane suka sayi wani ruwan wanka mai ƙamshi da aka saba sha a madadin vodka, ashe wannan karon an haɗa shi da gubar metanol. Fiye da mutum 70 suka mutu cikin 'yan kwanaki, maza da mata, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi daga unguwa ɗaya. Aka kafa dokar ta-ɓaci a birnin, aka dakatar da sayar da irin waɗannan ruwaye a faɗin ƙasar. Ɗakunan kwantar da bugaggu kuma, waɗanda aka rufe a 2011, an yi dokar da ta ba yankuna damar sake buɗe su daga farkon 2021, bayan likitoci da 'yan majalisa sun yi ta kukan yawan mutanen da ake tsinta a daskare a tituna.